Libar roba ta cire tayar keke: tana aiki kuwa, ko kuɗina aka ci?

Garba_Ojota:
Assalamu alaikum mutanen gida. Tambaya gare ni, amma da ƙorafi a cikinta. Tun da dokar hana okada ta iso mana Kosofe a watan Satumba na 2022 na sayar da mashin na koma keke, ina kai wa mutane abinci tsakanin Ketu, Ogudu da Maryland. Keken tokunbo ne, wato na hannu, mai giya, taya 26. Kwanakin baya na sayi libar roba guda uku a haɗe, baƙaƙen nan masu ƙugiya a gindi, don in huta da neman mai faci duk sanda taya ta sace. Jiya da azahar ƙusa ta soke ni daidai ƙarƙashin gadar Ojota, ga shinkafar mutane a jaka, ga waya sai ruri take. Na cusa ta farko na danna, sai ji na yi ƙas, ta rabu biyu. Ta biyu ta lanƙwashe, ta yi fari a tsakiya, sannan bakinta ya guntule ya maƙale cikin taya. Ta ukun ban ma gwada ba. Haka na tura keken har wurin wani mai facin mota, shi kuma ya ɗauko libarsa ta ƙarfe mai tsawon kamu guda, ya ƙara wa tif huji biyu, ya karce min bakin rim. Abinci ya huce, mai shi ya wanke ni tas a waya. Don Allah masu sani, abin nan yana aiki kuwa, ko dai kayan wasan yara aka sayar min?

Dan_Mile12:
Wa alaikumus salam. An ci kuɗinka, sai haƙuri. Roba za ta ɓamɓare roba mai waya a ciki? Haba Garba.

Malam_Sani_Agege:
Wa alaikumus salam. Sannu da wahala, Garba. Shekarata 31 ina gyaran keke, goma a Kurna can Kano, sauran a nan Agege, ban taɓa ajiye roba a akwatin kayan aikina ba. Libobina biyu maƙeri ne ya buga min su daga tsohon sifirin ɗin mota, na bi bakinsu da magagari har suka yi sumul kamar bayan cokali. Har gobe da su nake aiki. Amma kuskurenka babba shi ne kai wa mai facin mota keke. Hannunsa ya saba da tayar danfo, bai san abin da ake kira lallaɓawa ba. Tif ɗin keke kuwa ko farce ya isa ya huda shi.

Abba_Ikoyi:
Baba Malam Sani, Allah ya ƙara girma, amma a nan zan ɗan ja da ku. Ni keken tsere nake hawa, duk Asabar da asuba muna zagaye ta gadar Lekki da Ikoyi, kuma a cikinmu babu mai ɗauke da libar ƙarfe ko mutum ɗaya. Tawa ta roba ce, ta kamfanin Pedro's, faffaɗar nan mai ruwan ɗorawa, ta shekara uku a jakar ƙarƙashin sirdi, na cire taya da ita ya fi sau ashirin. Dalilin da ya sa aka yi ta da roba ba rowa ba ce. Yawancin rim ɗin kekunan yanzu alminiyam ne, ƙarfe kuma ya fi alminiyam tauri, don haka duk inda libar ƙarfe ta jingina sai ta bar shaida. In keken mai birkin roba ne, gefen rim ɗin nan da aka karce shi ne inda birki ke kamawa. Gara libar ta karye da rim ya lotsa. @Dan_Mile12 ba kowace roba ce roba ba.

Dan_Mile12:
Ku mutanen Ikoyi ai komai naku daban ne. Mu a nan kan titin Ikorodu muke hawa da buhun tattasai a baya.

Ummu_Hanif:
Ni dai na ga ana maganar liba na ce bari in kawo ƙara. Cokulana guda huɗu Baban Hanif ya lanƙwasa wajen gyara wa yara kekunansu, duk wutsiyoyinsu sun koma kamar ƙugiya. Kuma abin mamaki, ƙaramin keken Hanif mai taya 16 ya fi ba shi wuya a kan babban nasa. In robar nan tana aiki a faɗa min in saya masa, in tsira da sauran cokulan.

Abba_Ikoyi:
Hajiya, ƙananan tayoyi dama sun fi gardama, saboda da'irar ƙarama ce, babu wani sakin da za a tara. Ki saya masa, za ta fi cokali. Gefen cokali yana da kaifi, shi ke cizon tif.

Injiniya_Bashir:
Bari in sa baki, tunda a masana'antar roba nake aiki a Ikeja. Garba ya faɗi wani abu da ya ja hankalina: ta yi fari a tsakiya kafin ta guntule. Wannan halin roba mai araha ne, irin wadda ake yin bokiti da kujera da ita. Libobi na kirki da nailan ake yin su, wasu ma ana gauraya nailan ɗin da zaren gilashi don ya ƙara ƙarfi. Na san a Legas in ka ce nailan leda za a miƙo maka, to ba ita nake nufi ba. Wata roba ce mai tauri wadda ake yin haƙoran giya na ƙananan injuna da ita.

Ga gwaji mai sauƙi. Ka sami kofin ruwa ka jefa ta ukun da ta rage. Robar bokiti ba ta kai ruwa nauyi ba, za ta taso sama. Nailan ya fi ruwa nauyi, zai nutse. In ta taso, tabbas ba nailan ba ce. In ta nutse, ba lallai ta zama ta ƙwarai ba, domin akwai wasu robobin masu nutsewa, amma dai ta tsallake jarrabawar farko.

Wani abu kuma, rana tana cin roba. Kayan da aka baza a tire a bakin titi wata da watanni, ko asalinsa mai kyau ne, zai gaggautsa. Sannan nailan yana shan danshin iska, kuma danshin ne ke sa shi juriya, shi ya sa a masana'antu akan jiƙa wasu kayan nailan a ruwa bayan sun fito daga inji. Wato libar da ke zaune a Legas ta fi wadda ta sha hunturun Kano taurin rai.

Sadiya_Akoka:
Ikon Allah. Yau na ji amfanin danshin Legas na farko, ban da sa kaya su yi funfuna.

Garba_Ojota:
Injiniya, yanzu na jefa ta a kofi. Tana nan tana yawo a sama kamar kwale-kwalen Makoko. Ke nan dai an cuce ni.

Malam_Sani_Agege:
An ba ka mai araha, wannan gaskiya ne, araha kuwa ba ta ado. Amma Garba, amsa min tsakaninka da Allah: kafin ka cusa libar, ka matse tayar kuwa? Ko daga tsayawa sai ka hau danna?

Garba_Ojota:
Matsewa kamar yaya, Baba? Iska ai ta riga ta fita.

Malam_Sani_Agege:
To ka ji. Nan gizo ke saƙa. Ko libata ta ƙarfe na ba ka, da tif ɗin za ka yaga.

Ɗauki wilin da babu taya ka duba cikin rim. Za ka ga gefe da gefe akwai tudu inda leɓen taya ke zama, a tsakiya kuma akwai kwari ya zagaye shi kaf. Kwarin nan ba ado ba ne. Leɓen taya waya ce a ciki, ba ta miƙewa ko za ka shekara kana ja. Da'irarta ta fi bakin rim ƙanƙanta, da gangan aka yi haka don kada iska ta fitar da ita. To ta yaya take hawa ta sauka? Ta hanyar kwarin. In ka tura leɓen ya faɗa kwari a zagaye, da'irar da yake zaune a kai ta ragu, sai ka samu saki, ka tara sakin wuri ɗaya, a nan ne za ka sa liba.

Yadda nake yi: in fitar da iskar da ta rage kakaf, ko da sai na danne bawul ina matsa tayar. Sai in bi ta da yatsu ina matse gefe biyu, ina jin leɓen yana ɓallewa daga rim, domin tayar da ta daɗe tana mannewa kamar an sa mata gam. Sai in dafa wilin a ƙasa in jingina shi da gwiwoyina, in sa hannu biyu a sama, in riƙa shafo tayar zuwa ƙasa dama da hagu kamar mai tatsar saniya, har hannuwan su haɗu. Inda suka haɗu za ka ga tayar ta yi laƙwas. Sai a juyo da wurin sama. A nan liba ke shiga, kuma bakinta kawai, ta kamo leɓen taya ban da tif. Ka kwantar da ita ka maƙala ƙugiyar a wayar wili, wannan ne amfanin ƙugiyar da ka gani. Ta biyu ka sa ta kusa, kamar faɗin tafin hannu, kada ka yi nisa. Daga nan sai ja.

Kai kuma ka bar leɓen zaune daram a kan tudunsa, ka ce wa 'yar roba ta miƙar da wayar ƙarfe. Me kake so ta yi?

Abba_Ikoyi:
Baba, kun gama kare libar roba ba ku sani ba. Wanda ya bi abin da kuka faɗa, ko ta bokitin ma za ta fitar masa da taya.

Malam_Sani_Agege:
Wanda ya bi abin da na faɗa, rabin tayoyin da ke garin nan da hannu zai cire su, Abba. Ban kare roba ba. Cewa na yi a san aiki.

Dan_Maradi:
Salamu alaikum. Ni ruwa nake turawa a Obalende, kurata tayar mashin ce a jiki. Wani yaro ya ba ni irin wannan robar, ko shiga ba ta yi ba. Kada wani mai kura ko mai mashin ya karanta wannan ya je ya sayo, asara zai yi. Tayar mashin sai ƙarfe.

Injiniya_Bashir:
Gaskiyarka Dan Maradi. Ba don ita aka yi ta ba. Leɓen tayar mashin ya ninka na keke kauri.

Sadiq_Yaba:
Ni labarina daban ne, amma wataƙila ya amfani wani. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota daga Yaba zuwa wurin aikina ya gagare ni, sai na sayi keken Japan na hannu, irin mai kwando a gaba. Da tayar baya ta cinye na je shago na ce a ba ni babbar taya, aka miƙo min mai rubutun 700 x 35C, mai shagon ya ce ai duk ɗaya ne da 27. Na dawo gida na yi ta fama tun bayan la'asar har aka kira isha'i. Libobi uku na karya, masu kyau kuwa, ba na bakin titi ba. Na koma sukudireba, na fasa tif, na yanke yatsa.

Washegari wani abokin aikina ya nuna min ƙananan lambobi da ke gefen taya. Tsohuwar an rubuta 630 a ƙarshe, sabuwar 622. Wannan lambar ita ce faɗin da'irar rim daga inda leɓe ke zama, a ma'aunin milimita. Bambancin milimita 8 kacal, amma har abada ba za ta hau ba. Kuma 26 ɗin da Garba ya ambata ita ma ba ɗaya ba ce. Ta kekunan hawan dutse 559 ce, ta yawancin kekunan Japan masu rubutun 26 x 1 3/8 kuwa 590 ce. Duka ana kiransu 26. Garba, duba taka, kada a ce an taɓa cusa maka wadda ba taka ba.

Garba_Ojota:
Na duba. 50-559 aka rubuta gaba da baya, kuma da su keken ya zo. Ba nan matsalar take ba. Amma na gode, ban taɓa sanin ma'anar lambobin nan ba.

Malam_Nura_IdiAraba:
Bayanin Malam Sani kan kwari ya tuna min da tarihi, ku yi haƙuri da halin malaman makaranta. Tayar keke mai iska, wani likitan dabbobi ne mai suna John Boyd Dunlop ya fito da ita a Belfast a 1888, don keken ɗansa. Amma tasa manne take da wili, in ta fashe aiki ne ja. A 1890 wani Bature ɗan Ingila, Charles Welch, ya kawo dabarar sa waya a leɓen taya da yin kwari a tsakiyar rim. Wato abin da Malam Sani yake yi da yatsunsa a Agege dabara ce mai shekara sama da 130, kuma tun farko an tsara ta ne don taya ta fita ba da kokawa ba.

Baba_AlabaRago:
Malam Nura ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Mu da muka tashi da Raleigh, wadda har masana'antarta akwai a Kano, mun san wata 'yar jakar fata da ke rataye bayan sirdi. A ciki akwai libobin ƙarfe ƙanana, da sholisho, da guntun tif na faci, da 'yar robar bawul. Taya 28 ce, rim ɗin ƙarfe ne zalla, birkin sanda. Ka danna yadda ka ga dama, babu abin da zai same shi. Daga baya Phoenix ta Sin da Hero ta Indiya suka shigo, su ma haka suke. Na taɓa ɗauko buhun gero biyu daga kasuwar ƙauyenmu a kan irin wannan keken, taya ta sace a hanya, na gyara a gindin tsamiya da ruwan buta na neman huji. Yaran yanzu keke kamar karan dawa, in ka ɗaga da yatsa biyu ya tashi, dole a ce sai da roba za a taɓa shi. Ga kamfanin Dunlop a nan Ikeja kan titin Oba Akran, muna gani ya daina yin taya a 2008. Yanzu komai sai an sauke a Apapa.

Abba_Ikoyi:
Baba, ranku ya daɗe, ai kun raba gardamar. Rim na ƙarfe, libar ƙarfe. Rim na alminiyam, libar roba. In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza.

Baba_AlabaRago:
Kiɗan ne bai yi min daɗi ba, ɗana.

Dan_Mile12:
Allah ya ja zamanin Baba. A dawo mana da Raleigh da okada gaba ɗaya, mu huta.

Shugaban_Zaure:
Jama'a a yi hattara, kada maganar okada ta sake ɓallewa kamar ta wancan makon. Garba tambayar liba ya yi.

Sadiya_Akoka:
To ni tambayata kan mayar da tayar ce, don a nan nake shan wuya. Kullum sai ya rage kamar taƙi ɗaya ya ƙi hawa, in na sa liba sai in ji fuuu, na huda sabon tif. Sau biyu ke nan. A YouTube na ga ana cewa a fara daga bawul a ƙare a ɗaya ɓangaren, haka kuma nake yi.

Malam_Sani_Agege:
'Yata, ni akasin haka nake yi. Ina farawa daga ɓangaren da ke kallon bawul, in ƙare a wurin bawul. Dalili, gindin bawul yana zaune cikin kwarin nan, yana hana leɓen taya faɗawa. In kin fara daga wurin bawul, kin rasa saki daidai inda kike buƙatarsa. In kin ƙare a can, duk sauran zagayen yana cikin kwari. Da ya hau sai ki tura bawul ɗin ciki da yatsa ki sake jawo shi, don kada leɓen ya danne tif. Kuma ki ɗan sa wa tif iska kafin ki saka shi, kaɗan dai yadda zai yi siffa, ba zai kwanta a bakin rim liba ta same shi ba. Taƙin ƙarshen nan da tudun tafin hannu ake murɗa shi, ba da babban yatsa ba. Liba ta cirewa ce. Ni a wurina yaron da ya mayar da taya da liba, shi zai biya tif.

Abba_Ikoyi:
A nan ma akwai sai dai. Wasu tayoyin, musamman marasa tif da ake yayi yanzu, an yi su ne su kama rim gam don iska kada ta fita, kuma kwarin rim ɗinsu ba shi da zurfi. Na ga ƙarti majiya ƙarfi sun kasa da hannu. A irin wannan dole liba ta shiga wajen mayarwa, kuma a nan ne roba ta fi ƙarfe nesa ba kusa ba, balle in rim ɗin na kabon ne, wanda kuɗinsa ya isa sayen keken Garba sau da yawa. Akwai libobin Schwalbe masu ɗan maƙali da ke riƙe leɓen a rim don kada ya zame ta ɗaya gefen kana fama da wannan. Akwai kuma masu ƙarfe a ciki roba a waje, Park Tool suna yin irinsu. Wannan ita ce sulhu tsakanina da Baba.

Malam_Sani_Agege:
Ka kawo min mai ƙarfe a cikin in gani. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Isiya_Oyingbo:
Ku shafa ɗan baƙin mai ko man gyaɗa a leɓen, zuruf za ta shige. Ni haka nake yi.

Injiniya_Bashir:
A'a Isiya, don Allah kada a koya wa mutane wannan. Man inji yana lalata robar taya da ta tif, yana kumbura ta ya sa ta yi laushi. Sannan in ya taɓa gefen rim, birki ya tashi aiki, ka gangaro daga gadar Pen Cinema ka matsa ka ji wayam. Ruwan sabulu ya wadatar, yana sa santsi, ya bushe ya tafi abinsa.

Isiya_Oyingbo:
To na ji. Amma shekara biyu ina yi ban faɗi ba.

Ummu_Hanif:
Allah ya ci gaba da tsarewa, amma dai a koma sabulu.

Garba_Ojota:
Jama'a na dawo da rahoto. Yau ban fita aikin safe ba, na zauna a tsakar gida na kwance wilin baya na bi maganar Baba Malam Sani ɗaya bayan ɗaya. Na fitar da iska, na matse, na tatsa. Saki ya samu amma kaɗan, ba kamar yadda ya kwatanta ba. Duk da haka 'yar robar nan ta uku, mai yawo a kofi, ta ɗago leɓen. Ta lanƙwashe kamar za ta tafi, ban matsa mata ba, na tallafa da wutsiyar buroshin haƙori a gefe, taya ta fita.

Da na zare tif sai na ga abin mamaki. Wanda ya riƙe keken kafin ni ya yanka tsohon tif ya naɗe cikin rim da shi har ninki biyu, don rufe kawunan wayoyi. Kwarin da Baba yake magana ya cike taf, kusan daidai yake da tudun. Ashe shi ya sa duk mai facin da ya taɓa wilin nan sai ya yi gumi.

Malam_Sani_Agege:
Alhamdu lillahi. Ka ga abin da ido bai gani ba jiya. Cire wannan tulin ka sa siririn ƙyallen rim na gaskiya, in babu ka yanka tif ɗin siriri, ninki ɗaya, daidai faɗin kwarin. Amma kada ka bar shi tsirara, kan waya zai huda tif daga ciki.

Abba_Ikoyi:
Ke nan ba a yi wa roba adalci ba tun farko. Liba mai araha, rim a cushe, taya ba a matse ba, ga mai abinci yana kira. Ko ta Pedro's ɗin sai ta ji jiki.

Dan_Mile12:
Ku dai faɗi abin da za ku faɗa. Biyu sun karye, ta uku sai da buroshi ya kawo mata ɗauki. Ni ƙaramar libar ƙarfe tana jakata, ba ruwana da kofin ruwa.

Sadiya_Akoka:
@Garba_Ojota to mayarwar fa? A nan nake jiran ka.

Garba_Ojota:
Kada ki tona min asiri, Sadiya. Karon farko haƙuri ya ƙare min a taƙin ƙarshe, na sa libar, na ciji tif. Huji biyu a jere kamar saran maciji. Na sake cirewa na yi faci, na cire ninki ɗaya na robar cikin rim, na ƙare a wurin bawul da ruwan sabulu. Da tafin hannu ta hau, har da ƙara ɗas. Hannuna ya yi ja amma ta hau. Ba a fafe gora ranar tafiya, da na gwada a gida tun ranar da na saye su da ban sha zagi a Ojota ba. Zan nemi ta nailan ɗin guda biyu. Injiniya, in na je shago da kofin ruwa a hannu kada su ce na taɓu.

Injiniya_Bashir:
Ka tafi da ledar fiya wata, ka roƙi kofi a can. Kuma ka zaɓi mai faɗi da kauri, siraran sun fi saurin tafiya.

Ummu_Hanif:
In ka samu ka sayo min biyu, Baban Hanif zai karɓa a Ketu. Cokulan shayi kaɗai suka rage min.

Garba_Ojota:
An gama, Hajiya. Baba Malam Sani, saura karcen da aka yi min a bakin rim. In na matsa birki ina jin yana ɗan kamawa tak, tak, daidai wurin. Zai gyaru ko sai sabon wili?

Malam_Sani_Agege:
Sai na gani. In tsini ne kawai ya tashi, samfefa mai laushi za ta kwantar da shi. In bakin ya lotsa ciki, wannan wata magana ce. Ka zo da wilin ranar Asabar bayan azahar, ina nan kusa da layin dogo. Ka taho min da 'yar robar taka ma, ina so in nuna wa yaran shago yadda take iyo.